Lauyan Baba Ba Ya Iya Kallon Baba

Masu tambayata kullum, "Hamida, an sa rana?", ku gyara zama, yau zan ba ku amsa gaba ɗaya in huta. Ba a sa ba. Ba wai Baba ya ƙi yaron ba ne, ba kuma lefe ne ya gagara ba. Haraji ne ya shiga tsakanina da aure. E, harajin gwamnati. Ku yi dariyarku son ranku, ni ma da a kan wata ya faru da har hawaye sai na yi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni ce Hamida, 'yar Alhaji Sambo mai injin shinkafa a Gummi. Da injina biyu gare shi, ɗaya a nan, ɗaya a Zugu ta ƙasar Bukkuyum. Da 'yan bindiga suka matsa wa Zugu, manoma suka daina kawo shinkafa, sai Baba ya sa aka kwance injin aka ɗauko shi gunduwa-gunduwa a bayan babura. Yanzu haka yana jikin katangar Inna, an lulluɓe shi da tamfol, kajinmu sun mayar da shi ɗakin haihuwa.

Sai ga takarda daga ofishin haraji, an lissafa wa Baba kuɗin injina biyu, har da na shekarun da na Zugu ya yi yana karɓar ƙwai. Baba bai yi wata-wata ba. Ya yi wanka, ya zura babbar rigarsa ta shadda ruwan toka, ya ɗauki abokinsa na masallaci a matsayin shaida, suka taka har ofishin. Aka gaisa, aka tambayi iyali, Baba ya yi bayani tiryan-tiryan, ma'aikacin ya ce, "Ba komai Alhaji, za mu duba." A wurin Baba magana ta ƙare ke nan, don shi ɗan malamai ne, a gidan da ya tashi in mutum mai gemu ya ce za a duba, to an duba. Bai san ana so ya rubuta ƙorafinsa a takarda cikin wa'adin da suka yanka ba. Kuma don ya nuna musu ba da wasa yake ba, ya ce daga ranar ko na injin Gummi ba zai ƙara biya ba sai sun gyara lissafinsu.

Takarda ta biyu ta fi ta farko ƙiba. An ɗora tarar jinkiri, an ɗora kuɗin ruwa, an kuma ce in bai biya ba za a zo a garƙame injin Gummi da kwaɗo. Ranar Baba ko tuwo bai kalla ba. Yawan kuɗin bai ƙona masa rai kamar kuɗin ruwan ba.

"Ni Sambo ɗan Malam Usmanu in ba da riba da hannuna? Bashi nic ci musu?"

To a nan ne Sufyanu ya shigo maganar. Sufyanu ɗan Anka ne, lauya ne a Gusau, dogo, baƙi, mai gilashi, kuma shi nake so. Na faɗa, kar wata ta biyo ni da tambaya. A bikin wata ƙawata muka haɗu, cikin 'yan mintoci ya gamsar da ni cewa ba shi lambata shi ne adalci. Bakinsa in ya buɗe kamar injin Baba ne da aka yi wa sabon juyen mai. Kawunsa, Kawu Nababa, ya kawo gaisuwa, aka karɓa, aka yi addu'a. Da aka zo batun sa rana sai Baba ya ce shi ba ya aurar da 'ya ana jiran kwaɗo a ƙofar injinsa, a bari a gama shari'a. Ya ƙara da cewa tunda Allah ya kawo masa lauya har gida, ai shari'ar ma ta zo da sauƙi.

Ni ma haka na zata. Sufyanu ya shigar da ƙara a kotu a Gusau, ya roƙi a soke harajin Zugu da tararsa, a kuma hana garƙame injin. Wannan duk ya yi shi tsaf, don da takarda yake magana. Matsalar ta fara ne duk sanda aka ce ga Baba a gabansa.

Duk sati zai taso da jakar takardunsa, ya biya Anka ya gaida tsofaffinsa, ya iso Gummi da wuri don kada yamma ta yi masa a hanya. Tun daga gindin darbejiyar ƙofar gidanmu yake tuɓe takalmi. Zai shiga zaure a sunkuye, a shimfiɗa masa tabarma ya ƙi hawa, ya je can jikin bango kusa da buhunan dusa ya tsuguna, ido a ƙasa. Baba na kan kujerarsa. Ni kuma ina bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida, wai ruwa na kawo.

"Lauya, ina munka kwana?" in ji Baba.

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Mi za mu hwaɗa ma alƙali?"

"Duk yadda ka ce, Baba."

"Madalla. Ni dai abin da nika so, a kirawo yaron ga na ohis, a aza mai Alƙur'ani, shi rantse ban zo ba. In ya rantse in biya. In ya kasa su bar ni in sha iska."

"Haka ne, Baba."

Haka ne fa ya ce, jama'a! Mutumin da bai daɗe da gaya mini a waya cewa a irin wannan kotun ba a yin haka ba. A waya zaki ne. Yana komawa gida saƙonni za su fara shigowa, dogaye, har da waƙafi da aya.

"Hamida, batun Zugu muna da gaskiya, in sha Allahu za a soke shi har da tararsa. Amma na Gummi haƙƙin gwamnati ne, Baba ya yi aiki da injin. Duk watan da ya shige bai biya ba tara ƙaruwa take yi, kuma wannan ba alƙalin da zai ɗauke masa. Lauyansu ma da shi zai kama mu."

"To ka gaya masa mana."

"Yau saura kaɗan."

"Me ka ce masa?"

"Na tambaye shi ko an yi ruwa a Zugu."

Wallahi sai da na kifa wayar a kan filo na tashi na sha ruwa. Da na dawo na ce to ya kawo ogansa na ofis ya yi maganar. Ya ce ya gwada, wato ya yi tari ya ambaci sunan ogan, Baba ya ce shi ba ya buɗe wa baƙo cikinsa, shi kuma ya ce haka ne, Baba.

Na sami Inna tana tankaɗen gari a tsakar gida, na zauna kusa da ita ina wasa da rariya, na ce ko ita za ta lallaɓa Baba ya biya na Gummi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ni? Ubanki mutum biyu shika saurare duniya, Malam Allah shi jiƙan shi, da rediyo. Ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗaya ba ta san shina yi ba."

"To Inna, shi ma Sufyanun ya kasa."

"Ai yaron ga ya samu tarbiyya. Shekaranjiya da yag gane ni ƙohwar gida har kwata yat taka garin kauce min. Irin su sun yi ƙaranci."

Ga shi nan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da gidanmu ke yabo. Watanni suna tafiya, ana ɗage zama ana komawa, tara tana haihuwa, ƙawayena ana ta kai su ɗaki ina ta ɗinka anko. Telana har ya daina auna ni, yana ganina yake cewa, "Na wa za a yi kuma?"

Ranar da abin ya fashe, na ci ado na gaske. Atamfa kore mai zanen ganye, riga da siket, mayafi ruwan zuma, lallen da na zauna rabin yini ana zana mini, ga humrar da nake ɓoyo a ƙasan akwati. Bayan la'asar ya fito daga wurin Baba, gwiwar wandonsa duk dusa, ya zo inda na shimfiɗa mana tabarma a soron waje. Na zuba masa kunun aya mai sanyi. Ya kurɓa, ya ce Talata mai zuwa Baba zai tsaya gaban alƙali ya ba da shaida, lauyan masu haraji zai yi masa tambayoyi.

"Ka shirya shi?"

"Na ce masa ya zo da wuri."

"Barista."

"Na'am, ranki ya daɗe."

"Wai ni za ka aura ko kunya?"

"Hamida, ba ki gane ba. Surukina ne. Ƙaƙa zan ɗaga ido in ce masa ya yi kuskure? Ko sunansa ba ni iya kamawa, in ina cike takarda sai na yi sauri in wuce layin."

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya jiran izini.

"To in kunyar suruki ce ta ɗaure maka baki, na sallame ka. Tafi ka yi aikinka, in ka gama ka dawo ka neme ni."

Ya cire gilashi ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, ya daɗe yana kallona. Irin kallon da ya kamata in ji tsoro, amma na zata kwalliyata ce ke aiki.

"Kin san kin kawo shawara?"

"Wasa nake yi."

"A kotu ma ana jingine magana a ɗauki wata."

"Nan ba kotu ba ce, sha kununka."

Bai shanye ba. Ya tashi ya ce yana gudun hanya, ya tafi. Na shiga ciki ina ta murna wai na zaburar da shi.

Washegari da hantsi ina shanya, na ji tsayuwar mota da sallamar Kawu Nababa. Gabana ya faɗi don daɗi, na ce ko an zo roƙon a sa rana ne. Na yar da zanen da ke hannuna na je na ɗauki matsayina a bayan ƙyaure. Aka gaisa, aka yi jajen hanya, aka taɓa batun damina, sannan Kawu ya yi gyaran murya har sau ba adadi.

"Alhaji, yaron ga ya aiko ni da wata magana, ni kaina kunyarta nika ji. Wai a jingine mai neman auren sai an ƙare shari'a."

"A jingine? Keke na?"

"Ni ma haka nic ce mai. Yac ce wai su can suna yi."

"Mu nan ba mu yi. Ko ana nema, ko ba a nema."

Kawu ya ja carbinsa, ina jin ƙararsa.

"To ya ce in ka hwaɗi haka, in ce ba a nema."

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Muryar Baba da ta fito ba ta faɗa ba ce, sanyi ne da ita, kuma ni na fi tsoron wannan.

"Ɗiyata ta yi mai wani abu?"

"Ko kusa, Alhaji. Wallahi ko kusa."

"To shi ke nan. Allah shi haɗa kowa da rabonai."

Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka. Na shiga ɗaki na tura ƙofa na yi kuka mai majina, na jin haushinsa da jin haushin bakina, da tsoron cewa abin da aka warware a zaure ba a ɗinke shi a waya. Na kira bai ɗauka ba. Na tura saƙo, na goge, na sake turawa. "Wasa na ce maka nake yi." "Kai wane irin mutum ne?" "Na ga ka karanta." Can ya turo layi ɗaya tak.

"Ki yi haƙuri zuwa jibi."

Abin da Barista bai lissafa ba, duk da karatunsa, shi ne Kawu Nababa ba ya barin Gummi sai ya tsaya wurin mai shayi ya zazzage labari. Kafin azahar sai ga Gwaggo Saratu, ƙanwar Baba, ta shigo da hijabinta har ƙasa da ƙwaryar fura, wai jaje ta zo. Jajen da ake yi da fara'a har kunne. Ta daɗe tana yi wa ɗanta Faruk kamuna, gaisuwar mutanen Anka ce ta sa ta haƙura.

"Hamida, kak ki sa ma ranki komi," ta ce tana dama furar da kanta. "Ga ɗan uwanki nan zaune, ga shagon wayoyi, ga mashin sabo. Shi ba shi da kawun da ka zuwa shi amshe magana."

Inna ta ce, "Saratu, ki bari hawayen yarinya su bushe mana."

"Ai ina bari. Gobe in dawo."

Ta kuma dawo ɗin. Faruk ma ya turo mini hoton fure da "barka da hantsi ƙanwata", mutumin da rabonsa da yi mini magana tun ranar da ya sayar mini da cajar da ba ta caji.

Ranar da Sufyanu ya ce ta zo. Ina ɗaki na ji sallama da wata murya mai ƙarfi, har na ɗauka masu kwaɗon ne suka iso. Na leƙa ta tsagar ƙyaure. Shi ne, cikin baƙar kwat da farar riga, a wannan zafin na Gummi. Sai da ya zo bakin zaure ya tuɓe takalmi kamar kowane baƙo, ya shiga a miƙe, ya ba Baba hannu. Hannu, jama'a! Baba ya karɓa don mamaki ya hana shi ƙi.

"Alhaji, a taimaka min da kujera."

Baba ya nuna masa ta roba da ke jingine. Ya jawo ta har gabansa, ya zauna, ya buɗe fayil a cinya, ya ɗaga ido ya sauke su cikin na Baba.

"Kai ne Alhaji Sambo Usmanu?"

"Kai, yaro, lahiyarka?"

"E ko a'a."

"Ni na."

"Injinka na Gummi ya yi aiki bara?"

"Ya yi."

"Ka biya harajinsa?"

"Ai su ne sunka—"

"E ko a'a, Alhaji."

"A'a! To a'a!"

"Da aka kawo maka takardar farko, ka rubuta ƙorafi?"

"Da ƙahwata nit tahi! Da shaida!"

"Ƙafa ba ta shiga fayil. Ka rubuta?"

Baba ya miƙe tsaye, rigarsa ta kwashe kofin ruwa ya kife. Inna ta zo bayana ta dafa kafaɗata, ita ma laɓewar ta zo yi. Ni kuwa ba fuskar Baba nake kallo ba, Sufyanu nake kallo. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga sharkaf. Amma bai sauke ido ba.

"Alhaji, zauna ka ji ni. Ranar Talata haka za a yi maka a gaban mutane, kuma wanda zai yi maka ba son 'yarka yake ba. Ba wanda za a aza wa Alƙur'ani a can don ka ce a aza masa. Batun Zugu kana da gaskiya, zan tsaya a kai har ƙarshe, tara da kuɗin ruwan da aka ɗora masa sai na ga bayansu in Allah ya yarda. Amma na Gummi kai ne ba ka da gaskiya. Ka yi aiki, ba ka biya ba."

"In biya riba?"

"In ƙyamarta kake, to kai ke kiwonta. Duk watan da ka riƙe kuɗin nan ƙara mata abinci kake. Ka biya gobe ta daina girma. Da tuni ya kamata in gaya maka, na tsaya ina tambayarka ruwan sama. Wannan laifina ne."

Zauren ya yi tsit, har ina jin kajin da ke cikin injin Zugu. Baba ya nuna masa ƙofa.

"Tashi ka hita."

Ya rufe fayil ɗinsa, ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta, ya ce, "Na bar ka lafiya, Alhaji," ya fita. Ta taga na hango shi ya jingina da darbejiya ya dafe gwiwoyinsa kamar wanda ya yi tsere. Inna ta saki kafaɗata ta ce, "Inna lillahi. Ashe marar kunya na." Na ce a raina shi ke nan, ga aure ya tafi, ga lauya ya tafi, sai Faruk da cajarsa.

Da safe Baba bai ce wa kowa komai ba. Ya sha kununsa, ya zura babbar rigar nan ruwan toka ya fita. Sai wajen azahar ya dawo, ya zauna a zaure ya ƙwala mini kira. Na zo na durƙusa. Ya miƙo mini rasit ɗin banki.

"Ɗauki hoto nai ki aika ma lauyana. Kin san lambar, ai kin hi ni."

Na karɓa.

"Ba sai na maimaita miki abin da anka yi jiya ba, tunda ke da uwarki kuna bayan ƙyaure. Tun hwarkon shari'ag ga nika ganin yatsun ƙahwarki."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe. Ya juya yana kallon waje, muryarsa ta sauka.

"Tun da Malam yar rasu ba wanda yak kalli idona yac ce min na yi kuskure. Na ji zahi. Amma gaskiya ta."

Tausayinsa ya kama ni har idona ya cika. Ban taɓa tunanin Baba ma yana kewar a yi masa faɗa ba.

"Gwaggonki ta zo da maganar Faruku. Nic ce mata an riga shi."

"Baba, ai sun janye," na ce a hankali.

"Wancan mai tsugunno kusa da dusa ya janye, Allah shi raka taki gona— a'a, bari in yi shiru. Wancan dai ya tahi. Lauyana nika nuhi. Sai dai bai nema ba tukuna. Kuma ki hwaɗa mai kash shi kuskura shi nema yanzu, don ranar da yan nema zai koma ƙasa, bakinai shi mutu, in rasa mai tsaya min."

Na tashi na shige ɗaki ina dariya ina share hawaye. Na tura hoton rasit ɗin. Amsa ta zo nan take.

"Na gode, Malama Hamida. A gaida Alhaji."

"Malama?"

"Ke 'yar wanda nake karewa ce."

"Za ka gane kurenka."

"Na riga na gane. Jiya ko abinci ban iya ci ba."

Talata su Baba suka tafi Gusau tun da sassafe, ni da Inna muka wuni muna duba waya. Da la'asar sai ga su, Baba na gaba yana fara'a, Sufyanu na biye da jaka. Tun daga ƙofa Baba ke ba da labari. Wai lauyan masu haraji ya taso masa da ƙarfi, shi kuwa e da a'a kawai yake ba shi kamar ɗan aji ɗaya, da aka zo batun Gummi aka miƙa rasit sai mutumin ya hau juya takardu. Alƙali ya ce kada wanda ya taɓa injin sai an yanke hukunci a kan Zugu da tararsa.

"Hamida! Kawo ma lauya abinci!"

Na gyara ɗaurin ɗankwali, na ɗauko tire, tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu. Na shiga na tarar da su kujera da kujera, gwiwa na gugar gwiwa. Mutumin da a da ko ruwa ba ya iya haɗiya a gaban Baba, ya wanke hannu ya kai loma, har da neman ƙarin yaji. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Na durƙusa ina zuba ruwa a kofuna a hankali, yadda ba zai ƙare da wuri ba.

Baba ya gyara zama, ya dafa kafaɗarsa.

"Lauya, na ji daɗin aikinka. Akwai wata tsohuwar rigimar gona da nika da ita Bukkuyum, tun zamanin Malam. In an ƙare wagga sai mu shigar da ita. Akwai kuma wani hili nan bakin kasuwa."

Ruwan ya cika kofi ya fara zuba a kan tire. Rigimar gona! Jama'a, kun san rigimar gona, jikoki ke ƙarasa ta.

Sufyanu ya ajiye lomar da ya ɗauko, ya kalli Baba ido cikin ido.

"Ba zan karɓa ba, Alhaji. Wannan ce shari'ar farko kuma ta ƙarshe da zan yi maka. Ranar da aka yanke hukunci, ko mun ci ko mun faɗi, kawuna yana hanya."

Baba ya shafa gemu. Na san wannan shafar, ita yake yi in ana cinikin shinkafa.

"A'a. In mun ci dai."

"Alhaji..."

"E ko a'a, lauya."

A lokacin ne Sufyanu ya juyo ya dube ni, karon farko tun ranar kunun aya. Kallon mai neman taimako ne, ni kuma ba ni da abin ba shi sai tire mai ruwa.

"E," ya ce.

"Madalla. Yaushe anka ce mu koma?"

"Kotu za ta tafi hutu, Alhaji. Sai bayan an yanke shinkafa."

Na leƙa fuskar Baba ko zan ga alamar wasa, ban ga komai ba sai man shanu a gemu. Na ɗauki tirena na koma ciki. Inna ta tare ni a tsakar gida tana tambayar me aka ce, me ya sa na yi zuru-zuru. Na ce mata ba komai, ta dai koya mini yadda ake saka alƙali a addu'a ba tare da an ce cin hanci ba ne.